Tambayi Likita: Idon Ɗana Yana Karkacewa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana shekararsa 3. Idonsa na hagu yakan karkace wajen hanci, musamman idan ya gaji ko ya ƙura wa abu ido kusa-kusa. Kakarsa ta ce in ƙyale shi, wai da ya girma zai daidaita. Shi kuwa bai taɓa cewa ba ya gani ba. In jira ne?
Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki jira. Maganar Kaka gaskiya ce a kan jarirai, don a watannin farko idonsu kan yi yawo ya dawo daidai da kansa. Amma harara-garken da ya wuce wata 6, sai an duba.

Idan idanu biyu ba sa kallon wuri ɗaya, hoto biyu ke zuwa wa ƙwaƙwalwa. Ta yaro ba ta jure wannan, sai ta riƙe guda ta yi watsi da ɗayan, idon da aka watsar ya zama rago. Gani yana ginuwa ne har wajen shekara 7 ko 8, bayan nan gyaran sai da wahala. Shirunsa kuma kada ya ruɗe ki: bai san yadda sauran mutane ke gani ba, kuma ido ɗaya ya ishe shi wasa.

A asibitin ido za a ɗiga masa maganin da ke buɗe ƙwayar ido a auna shi, ba sai ya iya karatu ba. Yara da yawa masu irin wannan karkacewa tabarau kawai ke miƙar musu da ido. Idan idon ya riga ya yi rauni, za a riƙa rufe mai lafiyar da filasta, sau da yawa awa 2 a rana, don a tilasta wa ragon aiki. Mai lafiyar fa na ce, nan iyaye kan yi kuskure. Zai yi kuka, zai ɓare filastar, ki daure. Tiyata sai in tabarau bai wadatar ba.

Ki kuma duba hotunansa na waya. Idan kin ga fari a tsakiyar baƙin idon, yana iya zama yanar ido ko ciwon daji na cikin ido. Wannan kam, ki kai shi cikin makon nan.