Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Ƙarar Fanka Ke Tasowa Idan Malam Ya Yi Shiru?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aikin sauti a wani gidan talabijin a nan Katsina. Mun sa na'urar AGC don ta daidaita mana sauti, amma a tafsirin azumi, da alaramma ya gama jan baƙi malam ya ɗan dakata, sai ƙarar fanka da gurnanin janareto su cika akwati. Malam na buɗe baki kuma sai sautin ya faɗi. Ga talla tana shigowa da ƙarfi har mutanen gida su yi ta neman rimot. Ina gizo ke saƙar?
Daga mai karatu, Ƙofar Ƙaura

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, na'urarka lafiyarta ƙalau, kayan da aka ɗora mata ne suka yi yawa. AGC ba ta bambanta muryar malam da fanka. Abin da ta sani, in sauti ya yi ƙasa ta ɗaga, in ya yi sama ta sauke. Malam ya yi shiru, ta tarar da fanka, ta ɗaga fanka.

Kafin ka taɓa ta, fitar da ita daga layi. Saka sautin gwaji na 1 kHz a -18 dBFS (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne, dBFS kuma awonsa ne a mitar dijital, inda 0 ne ƙololuwa), ka bi shi daga miksa zuwa na'urar watsawa, ka tabbata kowace mita abu ɗaya take nunawa. Sannan ka matso da makirfo kusa da bakin malam, taƙi ɗaya, wato santimita 15 zuwa 20. Duk sanda ka ninka tazarar, murya na raguwa da kimanin 6 dB, fanka kuwa tana nan yadda take. Kunna matatar da ke yanke ƙasa da 80 ko 100 Hz, za ta rage gurnanin janareto. In akwai wani zuu da ba ya yankewa, na wutar 50 Hz ne, ka duba wayoyi da wayar ƙasa ta lantarki. Wayar XLR mai ƙafa uku ake so, ba ta rediyon gida ba.

Yanzu ka mayar da AGC. Ma'aunin da za ta riƙa bi shi ne abin da za ka fara saitawa. Ƙa'idar Turai, EBU R128 ta 2010, ta tsayar da -23 LUFS (awon ƙarfin sauti yadda kunne ke jin sa), Amurka na amfani da -24, kuma dukansu a kan awon ITU BS.1770 aka gina su. Ka ɗauki ɗaya, kowa a gidan ya bi.

Sai iyakar ɗagawa. Na'urori da yawa za su yarda ka ba su 15 ko 20 dB, kada ka yarda. Ba ta 6 dB sama, 6 ƙasa. In ka ga kullum tana manne a iyakar, gyaran yana kan miksa.

Maganin ciwonka na ainihi shi ne ƙofar shiru, wadda masu aikin ke kira get. Ka sa kowa ya yi tsit a wurin tafsirin, fanka na juyawa, janareto na aiki, ka karanta mita. A ce ta nuna -50 dBFS, sai ka tsayar da ƙofar a wajen -42, wato sama da hayaniyar da 8 dB. Duk sautin da bai kai nan ba, AGC za ta daskare inda take, ba ta ƙara komai. A nan ake yawan kuskure: in ka ɗaga ƙofar ta wuce kima, malam na sassauta murya wajen addu'a na'urar za ta ɗauka shiru ne ta ƙyale shi a ƙasa. Saboda haka ka gwada da mafi laushin muryarsa, ba da wa'azi mai zafi ba. Saurin ɗagawa kuma ya zama a hankali, rabin dB zuwa 1 dB a daƙiƙa. Saukewa ta fi shi sauri kaɗan. Ɗagawa da gaggawa ce ke sa sauti ya riƙa numfashi kamar zugazugin maƙeri.

A ƙarshen layi ka sa limita, wato na'urar da ke hana sauti wuce iyaka, a -1 dBTP (awon tsinin sauti, wato ƙololuwar da yake kaiwa), ko -2 in sautin zai bi ta matsewar tauraron ɗan'adam ko intanet, don matsewar kan ƙara tsinin sauti. In sitiriyo ne, ka haɗe hagu da dama su motsa tare.

Talla kuwa an matse ta ne tun daga situdiyo, wato an rage tazarar da ke tsakanin sautinta mai ƙarfi da mai laushi, shi ya sa mitar tsini ke nuna daidai amma kunne na jin ihu. Auna kowace talla da mitar LUFS daga farkonta zuwa ƙarshe, ka sauke ta zuwa -23 kafin ta shiga jerin shirye-shirye. R128 ta yarda da kuskuren LU ɗaya, wato daidai da 1 dB, ga shirin kai tsaye.

Tambaya: A hawan Sallah, da 'yan bindiga sun harba sai muryar mai sharhi ta ɓace na 'yan daƙiƙu. Yaya za mu yi?
Daga mai ɗaukar hoto, Daura

Amsa: Ɗan'uwa, harbin ne ke danne AGC, ita kuma ta sauke komai har da mai sharhi, sannan ta dawo a hankali. Raba su. Makirfon da ke ɗaukar kakaki, tambura da bindiga ya sami limitarsa tun kafin ya shiga haɗi, mai kamawa cikin milisakan ɗaya ko biyu, mai saki cikin 100 zuwa 200, kuma ka ajiye shi 10 zuwa 12 dB ƙasa da murya. Sannan ka duba kyamararka: in sautinta na kan otomatik, AGC biyu ke jan igiya ɗaya, ta kyamara da ta tasha. Mayar da ta kyamara ta hannu, ka saita ta tun lokacin da makaɗa ke gwaji a ƙofar fada.