Likita, atishawar yarona za ta iya komawa asma?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Ɗana shekararsa 9, kullum da asuba sai ya yi ta atishawa ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba ruwa, ido ya yi ja yana ta murza shi, da hunturu ya shigo kuma abin sai ya ƙaru. Babansa yana da asma shi ya sa hankalina ya tashi. Akwai yadda za a gane ko shi ma zai kamu? Daga wata uwa, unguwar Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Abin da kika kwatanta ya fi kama da murar alaji, ba irin murar da ake ɗauka a wurin wani ba, jiki ne ke bori idan ya shaƙi ƙura ko garin furanni ko ɓurɓushin kyankyasai. Kuma tsoronki yana kan hanya, domin hanci da huhu hanyar iska ɗaya ce, kumburin da ya kama sama yana iya gangarawa ƙasa. Masu wannan murar sun fi sauran mutane kamuwa da asma kusan ninki uku, amma duk da haka mafi yawansu ba sa kamuwa.

Babu gwajin da zai yanke hukunci tun yanzu, sai dai a auna haɗari. Uba ko uwa mai asma yana daga cikin manyan alamu, kuma naki yaron yana da wannan. Sai in tambaye ki wasu alamun, yana ƙarami ya yi fama da ƙaiƙayin fata a bayan gwiwa ko lanƙwasar hannu? Murar takan ɗauke da damina ko duk shekara tana nan? Wadda ba ta ɗaukewa ta fi ban tsoro.

Aikinki yanzu shi ne sauraro da dare. Idan yana tarin da ke tashinsa daga barci wajen ƙarfe uku ko huɗu, ko kina jin ƙirjinsa na fito kamar usur, ko in sun fita ƙwallo shi ne yake fara tsugunnawa yana haki yana dafe ƙirji, to kar ki jira, ki kai shi sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH) ko Asibitin Ƙwararru na Sakkwato. A shekarunsa zai iya yin gwajin hura iska a na'ura, wanda ke nuna ko hanyoyin huhun sun matse.

Abin da ya fi damuna a gidajenmu shi ne hayaƙi. A rufe ɗaki ruf saboda sanyi, a kunna igiyar leƙo a gindin katifa, ga kaskon turaren wuta, yaro ya kwana yana shaƙa har safe. Don Allah a koma gidan sauro, turare a yi shi lokacin da yake makaranta a buɗe taga, a yayyafa ruwa kafin shara, ranar da hazo ya sauko kuma a sa masa takunkumi in zai hau kabu-kabu.

Murar ma a yi mata magani, kar a bar ta wai ai atishawa ce kawai. Akwai cetirizine da loratadine, akwai na fesawa a hanci, likita ne zai zaɓa masa gwargwadon shekarunsa. Amma ki guji dexamethasone ko prednisolone da ake haɗawa a kemis, suna kwantar da atishawa nan take, sai dai in aka daɗe ana sha suna kumbura fuska, su rage wa yaro girma.