Ku Tambayi Likita: kumburin mai ciki, mashaƙo da ƙurar wurin aiki

Assalamu alaikum masu karatu, saƙonni sun taru sosai wannan karon, na ɗauko uku, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

TAMBAYA: Salam likita, dan Allah cikina wata bakwai ne kuma na fari, ƙafafuna sun kumbura takalmi ma baya shiga, kwanan nan har fuskata ta tashi zobena ya ƙi fita, ga ciwon kai ko na sha farasitamol baya sauka, wani lokacin ina ganin wasu taurari-taurari. Mama (uwar mijina) ta ce gishiri ne ya min yawa ta haɗo min jiƙo, ranar awona kuma da saura sati biyu, in jira? Amarya, Rigasa.

AMSA: Ƙanwata kar ki jira, ko kwana ɗaya. Na riga na faɗa miki haka ranar da saƙonki ya shigo, na sako shi nan ne saboda 'yan uwanki da yawa suna zaune a ɗaki da irin wannan ana ce musu ai haka ciki yake. Kumburin ƙafa kaɗai yawanci ba abin tashin hankali ba ne, amma in ya hau fuska da hannu, ga ciwon kai, ga ido na ganin walƙiya ko dishi-dishi, ko ciwo a saman ciki ta ƙarƙashin haƙarƙarin dama, toh wannan hawan jinin masu ciki muke tsoro, wanda in aka bar shi yake kaiwa ga jijjiga. A asibiti abu biyu za a fara yi, a auna jininki a ga ko ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, sannan a tsoma wata 'yar takarda a fitsarinki a ga ko furotin na fita. Minti nawa ne duka?

Abin da bincike ya nuna shi ne tushen ciwon a mabiyiya yake ba a gishirin miya ba. Tun farkon ciki jijiyoyin da ke kai jini mabiyiya ya kamata su buɗe su yi faɗi, a wasu matan basa buɗewa yadda ya dace, sai mabiyiyar ta shiga ƙunci ta riƙa sako wasu sinadarai cikin jinin uwa, su kuma su ɓata jijiyoyin jininta har ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa su taɓu, shi ya sa ciwon baya bayyana sai bayan sati 20, shi ya sa kuma baya rabuwa da mace sai an haihu mabiyiya ta fita, wani sa'in ma likita ne zai ce a fito da jaririn kafin lokaci don a tsira da su biyun.

In jijjigar ta zo mace ta faɗi tana taune harshe, abin da ke ƙona min rai shi ne sai a ce iska ce, a kawo hayaƙi a tura mata cokali a baki, sai an ɓata awa uku huɗu sannan a nemi Keke. Alhali akwai allura mai araha, magniziyam salfet, wadda aka gwada a wani babban bincike mai suna Magpie da mujallar The Lancet ta buga a 2002, mata sama da 10,000 a ƙasashe 33, aka ga ta rage faɗawa jijjiga da fiye da rabi. A kwantar da ita ta gefe, kar a sa mata komai a baki, a nufi asibiti. Akwai kuma binciken 2017 da ya nuna ƙaramin asfirin in aka fara shi tun wajen wata uku yana kare matan da ke cikin haɗari sosai, amma wannan maganar ciki na gaba ce kuma likita ne zai rubuta, kar ki je kemis ki saya.

Mama kuma ki lallaɓa ta, ƙaunarki ce ta sa ta haɗo jiƙon, ki sa maigida ya roƙe ta ta raka ki ta ji daga bakin nas da kunnenta. Kuma dan Allah a asibiti za ki haihu, bayan haihuwar ma a ci gaba da auna jinin don jijjiga na iya zuwa cikin kwanakin jego.

TAMBAYA: Likita yaron maƙwabcina ya yi mashaƙo, an yi magani maƙogwaron ya warke har ya fara cin abinci, bayan kamar sati biyu sai aka ce zuciyarsa ta taɓu. Ya aka yi ciwon wuya ya koma zuciya? Baban Sadiq, Tudun Wada.

AMSA: Allah Ya ba shi lafiya. Malam, ƙwayar mashaƙo a maƙogwaro take zama amma dafi take fitarwa, dafin ne ke bin jini ya shiga ƙwayoyin halittar zuciya da jijiyoyi ya hana su aikinsu, ɓarnar kuma sai daga baya take nunawa. Tun 1888 wasu masana biyu a Faris, Roux da Yersin, suka gano dafin nan, maganin karya shi kuma daga jinin doki ake samo shi har yau, aikin da ya sa aka ba Emil von Behring kyautar Nobel ta farko a fannin likitanci a 1901. Matsalar ita ce maganin yana kama dafin da ke yawo a jini ne kawai, wanda ya riga ya shige ya shige, antibayotik kuma ƙwayar yake kashewa ba dafin ba. Kun ga ke nan duk kwanan da aka ɓata ana kai yaro wurin wanzami a cire beli, dafi ake ba lokaci. Mun ga yadda annobar da ta taso ƙarshen 2022 ta yi ɓarna a Kano, a 2023 ta taɓa Kafanchan, kuma galibin yaran ba su yi rigakafi ba. Ku duba katin yaranku, allurar Penta mai kare yara daga mashaƙo uku ce, sati 6 da 10 da 14 bayan haihuwa, kyauta ne, wanda bai cika ba a kai shi ko ya girma.

TAMBAYA: 'Yata likita, na yi shekaru ina aikin masaƙa a sashen shaɓar auduga kafin a rufe, a lokacin duk ranar Litinin ƙirjina sai ya ɗaure, yanzu ko masallaci na je sai na tsaya na huta. Ɗana kuma fasa dutse yake a kwari, wata biyu ke nan yana tari yana ramewa, kullum yana shan madara wai tana wanke ƙura. Me za mu yi? Baba, Kakuri.

AMSA: Baba sannunku, Allah Ya ƙara lafiya. Wannan ɗaurewar ƙirji ta ranar Litinin da kuka ambata ita ce babbar alamar ciwon ƙurar auduga, bisinosis, mutum ya huta Asabar da Lahadi ya koma cikin ƙura sai hanyoyin iska su tsuke, zuwa tsakiyar sati ya lafa, in shekaru suka yi yawa sai ya zama na kullum. Tun da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957 dubban iyayenmu suka shaƙi wannan ƙurar. Masu bincike sun gano ba audugar kaɗai ba ce, akwai ƙwayoyin bakteriya da ke maƙale da ita tun daga gona, a jikinsu akwai wani dafi, endotoksin, a wani bincike na Amurka a 1987 an ga raguwar numfashi ta fi bin yawan dafin nan fiye da yawan ƙurar kanta. A Shanghai ta ƙasar Sin kuma tun 1981 ake bin ma'aikatan masaƙa ana auna huhunsu, an ga wasu na samun sauƙi bayan sun bar aikin. Don haka ku je asibitin koyarwa irin na Shika a yi muku hoton ƙirji da gwajin hura iska, a duba zuciya ma, akwai maganin shaƙawa da ke buɗe ƙirji sosai, ku kuma nisanci sigari da hayaƙin itace.

Amma gaskiya Baba ɗanku ya fi tayar min da hankali. Ƙurar dutse ta fi ta auduga mugunta, wadda ke yin ɓarnar ma ido baya ganinta, tana shiga can ƙasan huhu jiki ya yi ta ƙoƙarin cinye ta ya kasa, wurin ya zama tabo, tabon kuma baya gogewa, yana iya ci gaba ko an bar aikin. Shi ne silikosis, kuma mai shi ya fi sauran mutane kamuwa da tarin fuka wajen ninki uku, a Afirka ta Kudu sai da masu haƙar zinare suka kai kamfanoni kotu aka yi sulhu kan rand biliyan 5 a 2018 saboda cututtukan nan biyu. Madara kuwa ciki take zuwa, hanyarta daban da ta huhu, ya sha don ƙarfin jiki amma ba ta wanke komai, haka hankicin da suke ɗaurawa a hanci baya tare ƙananan ƙwayoyin ƙurar. Abin da ke aiki shi ne a riƙa jiƙa dutsen da ruwa lokacin fasawa da niƙawa, da takunkumi mai lamba N95 wanda ya kama fuska ruf, ya kuma canza kayan aiki kafin ya shigo gida cikin yara.

Tarin da ya wuce sati biyu ga rama, gwajin majina ake fara yi, kuma gwajin da maganin tarin fuka duk kyauta ne a asibitocin gwamnati, ga kuma cibiyar tarin fuka ta Saye a Zariya in abin ya buƙaci haka. Ku sa shi gaba cikin satin nan, ya faɗa wa likita aikin da yake yi da shekarun da ya yi yana yi ko ba a tambaye shi ba, in aka samu tarin fuka ne to ku da duk wanda ke kwana ɗaki ɗaya da shi sai an gwada ku.