Tambaya da Amsa: Na Shiga Tsarin Biyan Bashi a Ingila, Amma Masu Bina Ba Su Ƙyale Ni Ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar kula da tsofaffi ce a Landan, kuma bashi ya taru a kaina har ya kai fam 9,000, tsakanin katunan bashi guda biyu, da rancen da na karɓa a bankin da albashina yake shiga, da wani kamfani mai sayar da kaya a biya daga baya. Wata uku da suka wuce wata ƙungiyar agaji ta sa ni cikin tsarin da ake kira DMP, ina ba su fam 150 duk wata suna raba wa masu bina. Na ɗauka zan samu sararawa, amma wasiƙu ba su daina zuwa ba. Ɗaya daga cikin kamfanonin katin yana ci gaba da ɗora mini kuɗin ruwa, ɗayan ya aiko takarda cewa zai rubuta na gaza biya, sannan ma'aikacinsa ya kira ni ya ce in riƙa ƙara musu fam 40 a gefe. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, ranar da albashina ya shiga, bankin ya cire fam 200 ba tare da izinina ba. Shin suna da ikon yin haka? Kuma ina amfanin tsarin idan ba za su ƙyale ni ba?

Wata mai karatu, daga Landan

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya yaye miki, ya ba ki ikon sauke wannan nauyi. Tsarin da kika shiga ba hukuncin kotu ba ne, kuma babu dokar da ta ɗaure masu binki da shi. Sulhu ne kawai, tamkar dattijo ya shiga tsakaninki da su ya ce ga abin da wannan baiwar Allah za ta iya bayarwa duk wata, ku yi haƙuri ku karɓa. Yawancinsu suna karɓa, domin sun san ƙaramin biya mai ɗorewa ya fi musu ɗawainiyar shari'a, amma ikonsu na ɗora kuɗin ruwa, da aiko wasiƙa, da sayar da bashin, har ma da kai ƙara, yana nan yadda yake a Ingila da Wales. A Sikotland ne ake da wani tsari na gwamnati mai ƙarfin doka wanda ke tsayar da kuɗin ruwa dole, kuma bai shafi mazaunin Landan ba.

Ke kin ajiye batun banki a ƙarshe, ni kuwa da shi zan fara, domin shi ne ba ya jira. Idan mutum yana da asusu a banki kuma bankin yana binsa bashin da ya makara wajen biya, bankin yana da damar ɗaukar kuɗi daga asusun ya rage bashin, kuma galibi wannan yana rubuce a sharuɗɗan da aka sa wa hannu ranar buɗe asusu, waɗanda kusan babu mai karanta su. Saboda haka barin albashinki a bankin da ke binki daidai yake da ba kura ajiyar nama. Ki buɗe sabon asusu a bankin da ba ya binki ko sisi, ki kuma lura cewa sunaye daban-daban kan kasance na gida ɗaya: Lloyds da Halifax da Bank of Scotland duk kamfani guda ne, haka NatWest da Royal Bank of Scotland, haka ma HSBC da First Direct. Wanda ya gudu daga ɗaya ya faɗa ɗan'uwansa bai tsira ba. Kada ɓacin tarihin bashinki ya sa ki ji tsoron za a ƙi ki, domin doka ta wajabta wa manyan bankuna tara na Birtaniya su samar da asusun talaka, wanda ba a cajin kuɗin riƙe shi, ba a kuma ba mai shi damar cirar fiye da abin da ke ciki. Da zarar an buɗe, ki ba wurin aikinki sabuwar lambar kafin su shirya albashin wata mai zuwa, sannan ki mayar da umarnin biyan haya da wuta da waya can da hannunki, ɗaya bayan ɗaya.

Masu karanta mu a Najeriya su lura cewa wannan dabara ba ta aiki a can kamar yadda take yi a Ingila, domin tun watan Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar bin lambar BVN su ciri kuɗin rancen da aka gaza biya daga asusun mai shi a wasu bankunan.

Fam 200 ɗin da aka cire kuwa, kada ki yafe su tun ba ki nema ba. Hukumar FCA, wadda ta karɓi ragamar sa ido kan harkar ba da bashi a watan Afrilun 2014, ta gindaya cewa banki ya bar wa mai asusu abin da zai ci da abin da zai biya muhimman buƙatu irin su haya da wuta, kuma idan ya ɗauki kuɗin da aka tanada don waɗannan, ana sa ran ya mayar. Ki rubuta musu ƙorafi, ki haɗa da kasafin kuɗin da ƙungiyar agajin ta tsara miki da lambar tsarinki, ki nuna abin da cirar ta hana ki biya. Haka kuma idan akwai kamfanin da kika taɓa ba lambar katinki yana cirar kuɗi duk wata, kina da ikon umartar banki ya dakatar da shi, ba sai kamfanin ya yarda ba.

Game da wanda ya nemi ƙarin fam 40, amsata ita ce kada ki ba shi. Ana raba kuɗin tsarin ne gwargwadon girman bashin kowa: wanda ke binki fam 3,000 cikin 9,000 yana da kashi ɗaya bisa uku, wato fam 50 daga cikin 150 ɗinki. Abin da ya sa sauran suka haƙura shi ne sun ga ba a fifita kowa ba. Ranar da suka gano kina ba ɗaya a ɓoye, suna da hujjar cewa kasafinki ba gaskiya ba ne, kuma shi kansa wanda ya karɓa zai ɗauka akwai saura a inda wannan ya fito. Idan ya sake kira, ki gaya masa sunan ƙungiyar da lambar tsarinki, ki ce duk maganar biya ta bi ta hannunsu, kuma ke kin fi son a tuntuɓe ki a rubuce. Ƙa'idojin FCA sun hana su ƙin mu'amala da ƙungiyar da ke wakiltarki, sun hana su matsa miki ki biya abin da ya fi ƙarfinki, ko kiranki a lokutan da ba su dace ba, ko fallasa bashinki ga abokan aiki da maƙwabta. Ki tanadi ɗan littafi kina rubuta ranar kowane kira da sa'arsa da abin da aka faɗa, domin shi ne shaidarki idan magana ta kai ga ƙorafi.

Shi kuma mai ɗora kuɗin ruwa, doka ba ta tilasta masa tsayarwa ba, amma hukumar ta umarci masu ba da bashi su yi sassauci ga wanda ya shiga matsi, kuma cikin sassaucin da ta ambata har da dakatar da ruwa da tara ko rage su. Wata uku bai yi yawa ba, wasu sukan ɗauki lokaci kafin su daidaita lissafinsu. Ki duba takardar bayanin wata: idan ruwan da ake ɗorawa ya kusa cinye abin da ake biya, to bashin ba ya raguwa, kuma wannan ƙwaƙƙwarar hujja ce. Ki sanar da ƙungiyar su sake roƙonsa, ke ma ki rubuta ƙorafi da sunanki. Kamfani yana da mako takwas ya ba da amsa ta ƙarshe, kuma idan bai amsa ba ko amsar ba ta gamsar da ke ba, kina da wata shida daga ranar amsar ki kai maganar ofishin sasanta rikicin kuɗi mai suna Financial Ombudsman Service, wanda ba ya karɓar ko kwabo daga mai ƙorafi.

Takardar gazawa ita ce ta fi firgita mutane, alhali sau da yawa ba ita ce mafi muni ba. Dokar bashi ta 1974 ce ta wajabta a aiko ta, a ba mutum aƙalla kwana 14 kafin a rufe asusun a nemi kuɗin gaba ɗaya, kuma tunda kina biyan ƙasa da abin da aka yi yarjejeniya tun farko, zuwanta ba abin mamaki ba ne. Za a rubuta gazawar a kundin tarihin bashinki da ke hannun kamfanonin ajiye tarihin bashi, wato Experian da Equifax da TransUnion, ta zauna shekara shida daga ranar da aka rubuta, sannan ta goge ko kin gama biya ko ba ki gama ba. Wanda bai rubuta gazawa ba, ya ci gaba da sa alamar cewa kina biyan ragi, tabonsa zai iya daɗewa fiye da haka, domin lissafin shekara shidan ba ya farawa sai an rufe asusun. A ganina gara a rubuta ta da wuri a fara ƙirga kwanaki, musamman da yake yawanci daga nan ne kuɗin ruwa yake tsayawa.

Wasiƙu ba za su daina zuwa ba, kuma wasunsu doka ce ta sa a aiko, kamar bayanin adadin da aka makara wajen biya. Wata rana ma za ki iya samun sanarwar cewa an sayar da bashinki ga wani kamfanin da ba ki taɓa jin sunansa ba. Wannan ba ya ƙara miki ko fam ɗaya, sai dai ki hanzarta sanar da ƙungiyar don su karkata biyan zuwa sabon mai shi. Idan ma'aikacin irin wannan kamfani ya zo ƙofarki, ba jami'in kotu ba ne, ba shi da ikon shiga ko taɓa kayanki, kuma ba dole ne ki buɗe masa ba.

Takardu biyu ne ba a ajiye su a ƙarƙashin matashi. Ta farko ita ce wasiƙar gargaɗin kai ƙara, wadda ke zuwa da fom ɗin amsa, kuma tun watan Oktoban 2017 ƙa'ida ta ba wanda ake bi kwana 30 ya mayar da shi. Cike shi da nuna cewa kina cikin tsari yakan isa ya tsayar da maganar a nan. Ta biyu ita ce takardar ƙara daga kotu, wadda galibi take fitowa daga cibiyar da ke Northampton, kuma kwana 14 kawai ake da su a amsa ta. Wanda ya yi shiru za a yanke hukunci a bayan idonsa, wataƙila a ce ya biya duka nan take, alhali da ya amsa ya gabatar da kasafinsa, da an iya yanke masa biya daidai ƙarfinsa. Hukuncin yana zama a rajista shekara shida sai idan an biya shi duka cikin wata ɗaya, kuma sai an saɓa masa ne ake kaiwa ga turo jami'an ƙwace kaya ko yankar albashi. Ranar da ɗayan waɗannan biyu ta iso, a ranar za ki kira ƙungiyar. Ki kuma tambaye su ko kin cancanci hutun kwana 60 da gwamnati ta ɓullo da shi a watan Mayun 2021, wanda a cikinsa doka take tsayar da ruwa da tara da matakin tilastawa.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma ya zama dole in faɗa. Haya, da harajin ƙaramar hukuma, da kuɗin wuta da gas suna gaba da duk waɗannan basussuka, domin sakacinsu ya fi muni, na haya ma yana iya raba mutum da muhallinsa, saboda haka kada tsawar mai katin bashi ta sa ki taɓa kuɗinsu. Kuma na san da wuya a samu ɗanmu a Turai da ba ya aika wani abu gida. Idan kina aikawa, ko kina zubin adashi, ki faɗa wa mai ba ki shawara gaskiya ko da ba zai amince da duka ba, domin kasafin da aka gina a kan ɓoye-ɓoye ba ya kai wata shida, daga nan sai a koma ga sabon rance, wanda shi kuma ya saɓa wa sharaɗin tsarin. Idan an rage miki sa'o'in aiki, ki sanar da su kafin ranar biya ta wuce a rage adadin, kada ki bari sai an ga babu.

Ki kuma yi wannan lissafi: fam 9,000 a kan 150 duk wata shekara biyar ce cif, idan an tsayar da ruwa gaba ɗaya. Wannan abu ne mai yiwuwa. Amma idan hali ya canja har abin da ke rage miki bayan buƙatun dole bai wuce fam 75 a wata ba, akwai hanyar yafe bashi da ake kira DRO ga wanda bashinsa bai haura fam 50,000 ba kuma ba shi da wata kadara ta a zo a gani, kuma tun watan Afrilun 2024 aka soke fam 90 da ake biya wajen nemanta. Tana da nata sharuɗɗan da tabon da take bari, don haka sai an zauna da masani. Za ki samu wannan shawara kyauta a StepChange, ko National Debtline, ko Citizens Advice, kuma duk kamfanin da ya kira ki ya ce zai karɓi tsarinki ya riƙa yankar ladansa daga fam 150 ɗin, ki ce masa kina da masu yi miki ba da ko sisi ba.