Ganye Ya Yi Shar, 'Ya'ya Sai Ɗaiɗai

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Bara na sayo dashen sitiroberi daga wajen Vom, na dasa a buhuna 12 a bayan ɗaki, muka sha 'ya'ya har da maƙwabta. Bana ganye ya yi kore shar, 'ya'ya sai ɗaiɗai, bakin wasu ganyen kuma ya ƙone. Ina zuba yuriya duk sati biyu, ga tokar murhu, ga kashin kajina. Me na rage? Daga wata uwargida a Bukur.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ba ki rage komai ba, gatan ne ya yi yawa. Yuriya abincin ganye ne; idan ta yi yawa, shuka sai ta shagala da ganye ta manta da fure. Ki ajiye ta bana.

Tokar ta fi damuna. Sitiroberi ƙasa mai ɗan tsami yake so, wajen 5.5 zuwa 6.5 a ma'aunin tsamin ƙasa da ake kira pH, toka kuwa kashe tsamin take yi. Ki duba sababbin ganye: in sun yi ɗorawa-ɗorawa amma jijiyoyinsu na nan kore, to aikin tokar ne.

Ƙunar bakin ganye kuma, ɗanyen kashin kaji nake zargi. Ni ma ya taɓa cinye min layi guda cikin kwana huɗu, na tsaya ina kallo kamar wanda aka yi wa sata. Saiwar shukar nan a sama-sama take, ba ta jure zafin taki. Ki tara kashin da busasshen ganye, kina yayyafa ruwa kina juyawa, kamar wata huɗu, sai wari ya tafi, ya koma baƙi yana marmashewa a hannu.

Ƙasar buhu tana gajiya, ki sake ta: kwano biyu na ƙasa, ɗaya na ruɓaɓɓen taki, ɗaya na buntun shinkafa don ruwa ya riƙa wucewa. Amma kada ki ɗebo daga inda aka noma dankalin turawa, tumatir ko yalo, ciwon da ke sa su yaushi yana kama sitiroberi. Wajen dashe kada ki binne wuyan shukar, inda ganye ke fitowa. Ki shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindi, ta riƙe danshi lokacin hunturu, 'ya'yan ma ba za su kwanta a ƙasa su ruɓe ba.

Uwayen shukar kan ja baya bayan shekara 3, don haka ki fara kafa 'ya'yan yaɗon, wato ƙananan shuke-shuken da ke tsirowa a jikin yaɗon uwar, a ƙananan leda tun yanzu.