Amsa: Sunaye da ma'aunai a littattafan almara na Sin

Malam, ka ce sunaye da lissafin nisa suna rikita ka a littattafan Sin da aka fassara zuwa Turanci. Ga bakin zaren.

Sunan dangi ne ke zuwa farko. In ka ga Lin Feng da Lin Yue, Lin ɗin na gidansu ne. Shixiong kuwa ba suna ba ne, ɗalibi ne da ya riga ka zuwa wajen malaminku, shidi na bayanka. Wani mai fassara yakan bar su haka, wani ya juya su, shi ya sa in ka sauya fassara sai ka ga kamar an sako sababbin mutane.

Li ɗaya rabin kilomita ne, jin rabin kilo, shichen awa 2. "Li dubu" kilomita 500 ke nan, amma marubutan xianxia, wato almarar masu neman rai madawwami, akwai zuzutawa, kar ka wahalar da biro.

Babbar matsala fassarar inji ce. Sinanci yakan tsallake wakilin suna, sai inji ya yi canki-canka, jaruma ta koma namiji ana tsakiyar faɗa. Gara Wuxiaworld, shafin intanet na fassara irin waɗannan littattafai zuwa Turanci, wanda aka kafa a 2014. Duba ƙamus ɗinsu kafin ka buɗe babi na 1.