Tambaya da Amsa: Horon Hutu a Ofishin Injiniyoyi Masu Ba da Shawara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan aji uku ne a sashen injiniyan gine-gine na Jami'ar Bayero, kuma za mu fita SIWES, shirin horon ɗalibai a wuraren aiki, a hutun nan. Abokaina duk wajen 'yan kwangila suke nema, wai a ofishin konsoltan ba abin da ake yi sai zaman kwamfuta. Haka ne? Kuma ta yaya zan samu gurbi? Daga wani ɗalibi a Rijiyar Zaki.

Amsa: Wa'alaikumussalam, ƙanenmu. Abokanka rabin zancen suka ji. Ɗan kwangila gini yake yi, konsoltan kuwa shi ke lissafin nauyin da ginin zai ɗauka, ya fitar da zane, sannan ya je wurin aiki ya tabbatar an bi zanen. A wajensa za ka san dalilin da ya sa aka zaɓi rodi mai kaurin milimita 16 a wannan ginshiƙi, aka sa mai 12 a wancan. A ganinmu, ɗan aji uku ya fi buƙatar wannan.

Ka fara nema tun da saura wata biyu. Ka karɓi takardar gabatarwa daga ofishin SIWES na makaranta, ka haɗa da takardar bayaninka shafi ɗaya, ka kai da ƙafarka da safe. Kada ka bar ta a hannun maigadi. Ka nemi ganin injiniya. Ka tambaya ko akwai mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, a ofishin, domin irinsa ya kamata ya kula da kai. Reshen Kano na ƙungiyar injiniyoyi ta NSE da malaman sashenku su ne suka san ofisoshin da ke da aiki a hannu. Wanda ya iya manhajar zane ta AutoCAD ko da kaɗan ne ya fi saurin karɓuwa.

Aikin farko da za a ba ka galibi jadawalin lanƙwasa rodi ne. A nan ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. Tsawon rodi ɗaya mita 12 ne, sai ka tsara yankan yadda guntaye ba za su yi yawa ba. Inda rodi biyu suka haɗu sai sun hau juna, yawanci ninki 40 zuwa 50 na kaurinsu, wato mai milimita 16 zai ci har milimita 800. Wanda ya manta wannan a lissafi, rodi zai ƙare ana tsakiyar aiki.

Ranar zuba kankare kuwa, ko ba a gayyace ka ba ka roƙa a tafi da kai. Kafin a zuba, ka riƙe zane da tef ka ƙirga roduna, ka auna tazararsu, ka duba ko an sa 'yan tubalan da ke ɗaga rodi daga katako, kimanin milimita 25 a bim, wato dogon kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai. In babu su, rodi zai kwanta a fatar kankare, danshi ya shige shi, ya yi tsatsa, ya kumbura ya fasa simintin. Ka sa ido kan ruwa: leburori na son ƙara shi don kwaɓin ya yi laushi a shebur, alhali ruwan da ya wuce kima shi ke kashe ƙarfin kankare. Shi ya sa ake cika akwatunan gwaji masu faɗin milimita 150 da kankaren, in ya daskare a fitar, a matse wasu a inji a rana ta 7, sauran a rana ta 28, don a ga ƙarfinsa. Da yake hutun yakan faɗo da damina, ka lura yashi jiƙaƙƙe ya riga ya zo da nasa ruwan, dole a rage na kwaɓi.

Amma in ka ga kuskure, ba kai za ka tsayar da birkila ba. Ka rubuta, ka ɗauki hoto, ka faɗa wa injiniyanka a gefe.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a fannin lantarki. Ana biyan kuɗi? Kuma me ITF, hukumar asusun horar da ma'aikata, ke buƙata daga gare mu? Daga wata ɗaliba a Tarauni.

Amsa: Ƙanwarmu, kada ki ɗora lissafinki a kan kuɗi. Wasu ofisoshin na ba da na mota, wasu ba sa bayarwa, don haka ki zaɓi inda kuɗin adaidaita ba zai gagare ki ba. ITF ce ta kafa SIWES a 1973, kuma takardu take dubawa: fom ɗin fara aiki da za ki kai ofishinta na Kano a makonnin farko, littafin rahoto da mai kula da ke zai riƙa sa wa hannu duk mako, sai Fom 8, na tantance horon, a ƙarshe. Ki cika littafin kullum da adadi da ɗan zane, misali yawan fitilu da soket na bene ɗaya da kaurin wayar da kika lissafa musu. Littafin da aka cika a dare ɗaya, mai dubawa na gane shi tun daga shafi na biyu.